Ƙwaya Ɗaya a Gidan Farko

Wanda ya baro Kano ta hanyar Katsina ba zai yi nisa ba zai fara ganin tireloli jere a bakin titi, 'yan dako na hawa katako da buhu a wuya suna saukowa sharkaf da gumi. Nan ce Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, kasuwar hatsin da tun tsakiyar shekarun 1980 ake lodi daga cikinta zuwa kudancin ƙasar nan da Nijar da Chadi da Kamaru. Dawa da gero da masara da wake da riɗi da zoɓo, wanda manomin Kwa ko Tumfafi ya ɗauro a bayan babur da wanda ya kwana a hanya daga wata jiha, duk nan suke haɗuwa. Baƙo kan riƙe baki don yawan kayan. Ni kuwa tun ina yaro abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kawunan da ke riƙe da lissafinsu.

Baffana ya yi shekaru yana dillancin dawa a can. Wata rana ina zaune a bakin sito, wani baƙo ya sayi buhu 37, kowane a kan naira 52,000. Yaron baƙon ya zaro waya ya shiga latse-latse. Baffa ko motsi bai yi ba, sai leɓɓansa da ke ɗan rawa, babban yatsansa na bin gaɓoɓin sauran yatsu. Kafin yaron ya ɗago kai ya ce, "Miliyan biyu ba dubu saba'in da shida." Yaron ya duba fuskar wayarsa, ga 1,924,000 a rubuce.

Da kasuwa ta lafa na ce, "Baffa, yaya aka yi?"

Ya ce, "Ɗan nan, ai ba a ɗaukar dubu-dubu a ka. Ajiye su gefe, ka riƙe hamsin da biyu kawai. Buhu biyu, ɗari da huɗu. Huɗu, metan da takwas. Takwas, arbaminya da sha shida. Sha shida, ɗari takwas da talatin da biyu. Talatin da biyu, dubu da ɗari shida da sittin da huɗu. To, talatin da bakwai mene ne? Talatin da biyu ne da huɗu da ɗaya. Tsinci nasu ka haɗa, sannan ka mayar wa kowa dubunsa."

Dabara biyu ce ya zuba mini a wannan 'yar maganar. Idan lamba ta yi maka nauyi, sauya mata ma'auni. Sannan ka yi ta ninkawa, domin babu adadin da ba ya haɗuwa daga 1, 2, 4, 8, 16 da 'yan uwansu, kowane a ɗauke shi sau ɗaya ko a bar shi. Baffa bai taɓa jin sunan Ahmes ba, marubucin Masar ɗin da ya kwafi wata takardar lissafi wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda yau take ajiye a gidan tarihin Birtaniya a Landan, amma hanyarsu ɗaya. Sauya ma'auni kuwa gadonmu ne tun zamanin wuri. Bature matafiyi Heinrich Barth ya ga yadda ake ƙirga kuɗi a Tasawa a farkon 1851: ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, a tara tsibi na 200 ko na 1,000, a ɗura 20,000 a jakar kaba guda, wato keso. Sai da mutum biyar ko shida suka taru kafin a gama ƙirga 500,000. Daga nan ba wanda ke sake maganar wuri, sai a ce keso kaza.

Akwai wata lamba da malaman lissafi suka shafe fiye da shekara 1,000 suna gwada wannan gwaninta a kanta, kuma ita ma lambar hatsi ce:

18,446,744,073,709,551,615

Harshenmu na kasuwa ya tsaya a tiriliyan, don haka sai dai a ce tiriliyan sau miliyan 18 da ɗoriya. Labarinta yana cikin Wafayatul A'ayan na alƙali Ibn Khallikan, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1282. Wani mai hikima a ƙasar Hindu, Sissa ɗan Dahir, ya ƙago wa sarki wasan shaɗaranji, darar nan ta sarakuna mai gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Sarki ya ji daɗi ya ce ya roƙi abin da yake so. Sissa ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya ga kamar an raina kyautarsa, sai da masu lissafinsa suka zauna suka buga lissafi suka dawo da cewa alkamar duniya kaf ba za ta biya ba.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan wuri a littafin shi ne Ibn Khallikan bai ɓoye ba cewa zuciyarsa ba ta kwanta da maganar ba, yana ganin an yi ƙari. Sai ya haɗu da wani mai lissafi mutumin Iskandariyya, wanda ya warware masa ita a takarda guda. Mutumin ya ninka har gida na 16, ya sami ƙwaya 32,768, ya ce wannan mudun Masar guda ne, daga nan a daina maganar ƙwaya. Ya ci gaba da mudu har ya koma babban ma'auninsu na irdabbi. A gida na 40 ya sami irdabbi 174,762 da biyu bisa uku, ya ce a kira shi rumbu guda. A gida na 50 rumbu ya kai 1,024, ya ce a kira shi birni. A gida na 64 sai ga birane 16,384, kowane ba komai a cikinsa sai rumbuna. Alƙali ya gamsu. Ba a rubuta sunan mai lissafin ba, amma duk wanda ya taɓa zama a Dawanau zai gane irinsa da ganin aikinsa.

Bari mu yi irin nasa da ma'auninmu. Ɗauki kaura mai manyan ƙwaya. Gida na 17 yana da ƙwaya 65,536. Mu ƙaddara kwano guda ne, ko da zai ɗan gaza ko ya ɗan yi tozo. Gida na 18 kwano biyu, na 19 huɗu, na 22 kwano 32, buhu bai ma cika ba tunda buhu kwano 40 ne. Kashi ɗaya cikin uku na allon ya wuce ke nan, kuma ɗan dako ɗaya zai iya saɓa gidan da muke kai a kafaɗa. Nan ne mai gaggawa ke yanke hukunci cewa abin ba yawa. Gida na 27 kwano 1,024, buhu 25 da 'yan kai. Gida na 31 kwano 16,384, wato buhu 409 da wani abu, tirela guda da aka yi wa lodi har wuya. Ajiye buhu, riƙe tirela. Kowane gida goma abu na ninkuwa sau 1,024, saboda haka gida na 41 tirela 1,024 ne, na 51 ya haura miliyan, na 61 ya haura biliyan, na 64 kuma tirela 8,589,934,592. Allon gaba ɗaya ya haura tirela biliyan 17. Mutanen duniya sun kai biliyan 8 a ƙarshen 2022, don haka kowane rai, har jaririn da aka haifa jiya, zai tashi da tirela biyu, a sami ragowa. A nauyi abin ya kai wajen tan biliyan 700. Nijeriya, da ke sahun gaba a noman dawa a duniya, tana girbe tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara. Sai ta yi damina fiye da 100,000 ba a taɓa ko zangarniya ɗaya ba kafin ta biya Sissa.

Yaya aka yi na tsallaka daga gidan ƙarshe zuwa jimillar allo ba tare da na tara gida 64 ba? Duba farkon: 1 da 2 sun ba da 3, gida na gaba 4. Ƙara 4 ka sami 7, na gaba 8. Ƙara 8 ka sami 15, na gaba 16. Kullum abin da aka tara a baya yana gaza gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Ashe jimillar allo ita ce abin da zai zauna a gida na 65, da akwai shi, ba ɗaya. Abu Raihana al-Biruni, a littafinsa al-Asarul Baƙiya na wajen shekara ta 1000, ya ƙara gajarce hanyar. Gida na 5 yana da 16. Buga 16 a kanta, ka faɗa gida na 9 mai 256. Buga 256 a kanta, ka faɗa na 17 mai 65,536. Sake bugawa, gida na 33 mai 4,294,967,296. Sake yi sau ɗaya, ka isa na 65, ka cire ɗaya. Bugu huɗu ya maye gurbin ninki 60. Wanda ya ce sai ya ƙirga da hannu, ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa ba barci ba hutu, zai buƙaci fiye da shekara biliyan 580.

Girma dai shi ne abin da kowa ke fara gani, amma gwani ba a nan yake tsayawa ba. Dillali ba ya zazzage buhu don ya san abin da ke ciki. Ya soka, ya murza 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya ce wannan sabuwa ce, wannan ta sha rumbu. Haka ake yi wa lamba. Tambayar farko ta yara ce: cika ce ko mara? Duk gidajen cika ne sai na farko, don haka mara ce, mutum biyu ba za su raba ta daidai ba. Wutsiyarta 5, saboda haka mutum biyar za su raba ba saura. Tara alƙalumanta 20 ɗaya bayan ɗaya, za ka sami 87. Uku na raba 87, tara ba ta raba ta, 6 ke saura. Haka ita ma uwar lambar take, uku za su raba lafiya, tara kuwa sai sun bar ƙwaya 6 a faifai.

To mutum bakwai fa? A nan ne na fara ganin kyan abin da idona. Gida ukun farko, 1 da 2 da 4, sun haɗa 7 cif. Ukun da ke biye, 8 da 16 da 32, su ne na farkon sau takwas, 56, bakwai na raba su. Haka za a yi ta ɗaure gidajen uku-uku kamar dami, dami 21 ya cinye gida 63, kowane na rabuwa bakwai. Gida na 64 ya rage shi kaɗai. Shi kuma shugaban sabon dami ne da ba a ƙarasa ba, irin 1 da 8 da 64, waɗanda kowanensu in an raba bakwai ɗaya yake bari. Don haka in mutum bakwai suka raba wannan dukiya da ta fi ƙarfin duniya, ƙwaya ɗaya ce za ta rage a tsakaninsu. Ba mu taɓa alƙalami ba muka san haka.

Wannan ɗaurin dami shi ne mabuɗin lambar duka. Uku ba ta raba 64, shi ya sa bakwai ta bar saura. Amma biyu na raba 64, da huɗu, da takwas, da 16, da 32. Mahauci gwani ba ya saran ƙashi, gaɓa yake nema, wuƙa ta wuce salin-alin. Gaɓar wannan lamba tana tsakiyar allo. Gida 32 na farko sun tara 4,294,967,295. Gida 32 na biyu kuwa kwafin na farko ne, sai dai kowane an ninka shi sau 4,294,967,296. Saboda haka jimilla ita ce rabin farko sau ɗaya, da kuma rabin farko sau 4,294,967,296, wato

4,294,967,295 × 4,294,967,297

Na hagun shi ma allo ne mai gida 32, yana da gaɓa a tsakiyarsa: 65,535 sau 65,537. Shi kuma 65,535 ya rabu 255 sau 257, 255 ya rabu 15 sau 17, 15 ya rabu 3 sau 5. Sara biyar, ga tsoka jere a kan tabarma: 3, 5, 17, 257, 65,537, da ƙaton nan 4,294,967,297. Biyar ɗin farko duk irin lambobin nan ne da babu mai raba su sai ɗaya da su kansu, waɗanda zan kira gagara-rabo. Kowace kuma gidan allo ce da aka ɗora wa ƙwaya ɗaya.

Wani alƙalin Faransa, Pierre de Fermat na birnin Tuluz, wanda lissafi ya zame masa abin hira bayan tashi daga aiki, ya lura da wannan jeri. A 1640 ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙini duk 'yan wannan zuri'a gagara-rabo ne, har da ƙaton na shida, ko da yake ya amsa cewa bai kai ga hujja ba. Ba na ganin laifinsa. Biyar sun zo a jere ba tangarɗa, gwada na shida da hannu kuwa yana nufin bin dubban lambobi ɗaya-ɗaya ana rabawa. Maganar ta zauna haka shekara 92.

A 1732 Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a birnin San Fitasbag na Rasha, ya fasa ta: 4,294,967,297 daidai yake da 641 sau 6,700,417. Ba ƙarfin tuwo ya sa ba. Daga baya ya bayyana cewa duk gagara-rabon da zai iya raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ɗoriyar ɗaya. Da wannan rariya dubban nan suka zube, aka bar 'yan tsiraru a layi: 193, 257, 449, 577, 641. Na biyar ya buɗe ƙofa. Irin wannan aiki ne ke sa ni jinjina, domin wahalar ba a rabawar take ba, tana wajen sanin wanda bai cancanci a ɓata lokaci a kansa ba. Yanzu lambar Sissa ta gama fasuwa gida bakwai:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Babu wanda ya maimaitu a cikinsu. Kowane mai raba ta kuwa daga waɗannan bakwai ake haɗa shi, a ɗauki wannan a bar wancan, zaɓi biyu sau bakwai, shi ya sa masu raba ta ba saura 128 ne cif, har da 1 da ita kanta. Mutum 51 za su raba ta daidai, haka 85, haka 1,923, amma 11 ko 13 ba za su iya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka a lokacin ƙasar Hausa na gefe tana kallo. A daidai waɗannan shekarun Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya tafi hajji ya zauna a gabas, yake rubuta Bahjatul Afaƙ, inda ya shimfiɗa ƙa'idojin gina hatimi, allon gidaje da ake zuba wa lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla ɗaya. Ƙaraminsa mai gida tara kowane layi 15 yake bayarwa, kuma malamin ya nuna yadda ake gina manya masu gefe mara ba tare da lalube ba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, yana baƙon Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Almajiran da ke zana hatimi a zaurukanmu har yau, ko sun sani ko ba su sani ba, wani reshe na wannan ilimi suke riƙe da shi.

Lambar Sissa ma ba ta tsaya a littafi ba, tana aljihun yaron baƙon nan. Kwamfuta da waya ba su san komai ba sai gida mai wuta da gida marar wuta, a ɗauka ko a bari, irin yadda Baffa ya tsinci 32 da 4 da 1 ya bar 16 da 8 da 2. Shi ya sa ma'ajiyar waya take zuwa 16, 32, 64, 128, ba ka jin 50 ko 70. Yawancin na'urorin yau gida 64 suke jerawa a layi guda, kuma adadi mafi girma da layin zai ɗauka, ran da aka kunna gidajen duka, shi ne 18,446,744,073,709,551,615. In an ƙara ɗaya babu gida na 65 da zai karɓa, sai layin ya koma sifili.

Ɗora wa lambar Sissa ƙwaya biyu kuma, ka sami ta bakwai a zuri'ar Fermat, mai ƙarewa da 617. Ita ma an daɗe ana zagaya ta, har Fortuné Landry, wani dattijon Faransa da ya haura shekara 80, ya fasa ta da alƙalami da takarda a 1880, ya nuna 274,177 na raba ta. Daga 65,537 zuwa yau, da duk kwamfutocin da aka saka a aikin, ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a wannan zuri'a ba, ba a kuma tabbatar cewa babu ba.

Bayan shekaru na kai wa Baffa wannan lissafi a zaurensa, bayan la'asar, lokacin ƙafa ta hana shi zuwa kasuwa. Na zana masa gidajen a ƙasa da tsinke. Bai ko kalli doguwar lambar ba. Ya bi ni daga ƙwaya zuwa kwano, daga kwano zuwa buhu, yana gyaɗa kai, da muka kai gida na 31 ya ɗaga hannu ya ce buhu 409 ya yi wa tirela yawa in hanya ba kyau, a bar ta a 300. Na ce to sai lissafin ya canza. Ya ce, "Ƙara kashi ɗaya cikin uku da ɗan wani abu." Leɓɓansa suka ɗan yi rawa, yatsa ya bi gaɓoɓi. "Biliyan ashirin da uku da 'yan kai. Kowa ya kusa samun uku ke nan."